Yadda ake ɗauko kuromosom daga wata shuka a kai cikin 'yar uwarta

Wani ƙanenmu mai noman shinkafa can wajen Wurno ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya ce ya ji ana cewa masana na ɗauko kuromosom daga ciyawar daji ko wata shuka mai dangantaka su saka cikin shinkafa da alkama, shin gaskiya ne ko labari ne, shin shi ne GMO ɗin da ake ta cece-kuce a kai, kuma in dai gaskiya ne mi zai hana a haɗa jar shinkafar kakanninmu mai bin ruwa da FARO 44 a samu wadda ke da yawan amfani kuma ambaliya ba ta kashe ta.

To ƙanena, gaskiya ne, kuma an daɗe ana yi tun ba a haife ni ba balle kai. Sai dai ba da allura ake zuƙo kuromosom a tsira ma wata shuka ba, aure ake haɗawa, a ɗauki garin furen wannan a zuba ma waccan, abin da anka haifa a sake mayar da shi gidan uwa, a sake, a sake, har sai ɗan guntun da ake so kaɗai ya rage. Haɗa auren shi ne mai sauƙi a cikin aikin. Inda shekaru ke tafiya shi ne wurin samun ɗan ya haihu, da wurin zubar da tarkacen da baƙon ya shigo da su.

Bari in fara da kuromosom ɗin kansa. Cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin shuka akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, su ke faɗin tsawon kara, launin ƙwaya, kwana nawa za ta yi ta nuna, wace cuta za ta iya da ita. Kowace shuka da adadinta. Shinkafa 24, gero 14, dawa 20, wake 22, albasa 16, gyaɗa 40, alkamar burodi 42. Kuma biyu-biyu suke, rabi daga uwa rabi daga uba. Lokacin da shuka za ta yi garin fure da ƙwan iri, kowane kuromosom sai ya nemo takwaransa su jeru, su yi musayar guntaye tsakaninsu, sannan su rabu rabi nan rabi can. Wagga musaya ita ce ƙofar da muke bi mu shigar da abin baƙo. In kuwa kuromosom ya nemi takwara ya rasa, rabon sai ya dagule, garin fure ya fito matacce.

Ka san alfadari ai. Jaki na da 62, doki na da 64, alfadari ya tashi da 63, ga ƙarfi ga juriya amma babu haihuwa, don na jaki da na doki ba su jeruwa daidai. Haka abin yake a shuka. In anka haɗa gero mai 14 da ciyawar giwa mai 28, ɗan na fitowa da 21, ya yi ganye zube-zube dabbobi su ci su ƙoshi, amma ba shi yin iri, sai dai a yanki kara a dasa.

Kuma kai da kanka ka taɓa ganin irin wanga aure a gona ba tare da hannun kowane masani ba. Shibra nake nufi. Gero iska ke kai mishi garin fure, to in akwai geron daji kusa, shi ma 14 gare shi, sai su haɗu, shi ne kake ganin wani tsiro cikin gonar gero ya yi 'ya'ya da yawa, zangarniya ƙanana, tsaba ƙanana, da ta nuna kuma sai ta zube ƙasa ba ta jiran mai girbi. Dubi shibra da kyau, don ita ke nuna maka abin da daji ke kawowa in an buɗe mishi ƙofa ba tacewa. Akwai juriya a ciki, gaskiya, amma tana zuwa da zubar da tsaba da ƙanƙantar ƙwaya da sauran halayen da manoma sunka ɗauki dubban shekaru suna kora.

Yanzu shinkafarka. Jar shinkafar nan ta da, wadda ake shukawa a fadamun Rima da Sakkwato tana bin ruwa tana ƙara tsawo, mafi yawanta jinsin Afirka ce, masana na ce mata Oryza glaberrima, asalinta daga fadamun kogin Neja a Mali, wajen shekara 3,000 ke nan ana nomanta. FARO 44 kuwa jinsin Asiya ce, Oryza sativa. In kana son ka bambance su a gona, ja ganye ka duba ɗan farin harshen nan da ke inda ganye ya haɗu da kara, na Afirka gajere ne mai da'ira, na Asiya dogo ne mai tsini kuma ya rabu biyu. Dukansu 24 gare su, kuromosom ɗinsu na jeruwa lafiya lau, amma dut da haka in ka haɗa su ɗan farko kusan holoƙo yake fitowa, zangarniya a tsaye cak ba nauyi. Dalili akwai wasu ƙwayoyin gado da ba su jituwa, babbar cikinsu tana kan kuromosom na 6, ana ce mata S1, ita ke kashe garin fure da ƙwan irin da ba su ɗauko ɓangaren Afirka ba. Ka ga ashe ba lissafin adadi kaɗai ba ne.

Abin da ka tambaya ko za a iya, an riga an yi irinsa. A shekarun 1990, a cibiyar binciken shinkafa ta Afirka ta Yamma da ake kira WARDA a lokacin, yanzu AfricaRice, can ƙasar Kwaddibuwa, wani masani ɗan Saliyo mai suna Monty Jones da abokan aikinsa sunka haɗa wata 'yar Asiya WAB56-104 da wata 'yar Afirka CG14. Ɗan ya fito ba shi da garin fure mai rai, sai sunka yi amfani da shi a matsayin uwa, sunka zuba mishi garin furen 'yar Asiya, 'yan ƙwayoyi kaɗan sunka kama, sunka sake mayarwa karo na biyu, sannan sunka shiga zaɓe, wasu kuma anka raine su daga jakar garin fure a ɗakin gwaje-gwaje don halinsu ya zauna da wuri. Abin da ya fito shi ne NERICA. A nan Najeriya NERICA 1 ita ce FARO 55, NERICA 2 kuma FARO 56, na tudu ne. Jones ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2004 saboda wanga aiki.

Ga lissafin mayarwar, don shi ne zuciyar sana'ar. Ɗan farko rabi da rabi ne, kashi 50 na baƙo. Ka mayar da shi ga uwa sau ɗaya, saura 25. Sau biyu, 12.5. Sau uku, 6 da 'yan kai. In ka kai na shida ya koma ƙasa da kashi 1. A kowane zagaye kana duba ɗaruruwan tsirrai kana ɗaukar waɗanda ke da halin da kake nema kaɗai. To NERICA sau biyu anka mayar, ma'ana mafi yawan jikinta na Asiya ne, na Afirka guntaye ne warwatse kan kuromosom daban-daban. Shi ya sa ni a ganina an ɗan zuzuta ta fiye da kima a farko, an ce za ta danne ciyawa yadda uwarta ta Afirka ke yi, kuma ba ta kai can ba. Saurin nuna dai ta samu, wanga ba gardama.

Yadda ake haɗawar da hannu kuwa, aiki ne na haƙuri da ido. Furen shinkafa kansa yake yi ma barbara, namiji da mace na cikin ɓawo guda, to dole ka riga shi. Da la'asar za ka zaɓi zangarniyar da ta fara leƙowa, ka cire furannin sama da sunka riga sunka buɗe da na ƙasa da ba su isa ba, sauran ka bi su ɗaya-ɗaya da ƙaramin almakashi kana yanke kan ɓawon a karkace. Cikin kowane fure akwai 'yan jakunkuna shida rawaya, da ɗan hantsaki za ka tsince su dut shida ba tare da ka fasa ko ɗaya ba ko ka taɓa gashin macen da ke ƙasa, in ɗaya ta fashe wanga fure ya tashi aiki. Ka rufe da ambulan na takarda. Washegari da hantsi, lokacin da uban ya buɗe, ka yanko zangarniyarsa ka kaɗa cikin ambulan ɗin ka sake rufewa, ka rubuta sunan uwa da uba da kwanan wata. Ga wata wahala, ta Afirka da sassafe take buɗewa, ta Asiya sai rana ta ɗaga, kuma garin furen shinkafa 'yan mintoci kaɗan yake yi a raye, don haka sai ka yi dabarar daidaita su. Bayan mako uku zuwa huɗu in an dace za ka ga 'yar ƙwaya tsirara ta leƙo ta bakin ɓawon da ka yanke.

In dangantakar ta yi nisa, ko wanga ba ya isa. Wani lokaci auren na kamawa amma abincin da ke cikin ƙwaya wanda ɗan tayin zai ci ba ya haɗuwa, bayan kwana goma ko sha wani abu sai ya shanye ya mutu. Nan ake fiddo ɗan tayin da wuƙa ƙarƙashin madubin ƙara girma, a aza shi cikin kwalba mai abinci na sukari da gishirin ma'adinai har ya yi saiwa da ganye. Ta haka anka shigar da juriyar tsutsar saiwa cikin tumatir daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru a shekarun 1940, kuma har yau in ka ga harafin N jikin gwangwanin irin tumatir, wanga guntun ne ke ciki.

Alkama ita ce anka fi yi ma wanga aiki, don ita kanta 'yar haɗi ce. 42 ɗin nan nata ciyayi uku ne sunka haɗu tun zamanin da, kowace ta kawo 14, shi ya sa take iya ɗaukar baƙon kuromosom ba ta mutu ba. Mataki uku ake bi. Ko dai a ƙara mata baƙi biyu ta zama 44, ko a cire nata biyu a sa baƙi biyu ta tsaya 42, ko kuma a yanko guntu kaɗai a liƙa a jikin nata. Biyun farko kusan kayan aikin masana ne, ba su cika zuwa hannun manomi ba, saboda kuromosom sukutum ya yi kaya da yawa. Na ukun shi ake nema.

A 1956 wani Ba'amurke, Ernest Sears a Missouri, ya nuna yadda ake yi. Akwai wata ciyawar daji 'yar uwar alkama, Aegilops umbellulata, wadda cutar tsatsar ganye ba ta kamawa. Ya bi ta wata alkamar daji a matsayin gada, ya yi ta mayarwa har ya samu alkama mai ɗauke da baƙon kuromosom guda, tana jure tsatsa amma ba ta da kirki wurin amfani. Kuromosom ɗin kuma ya ƙi yin musaya da na alkama. Sai ya haska ma tsirran hasken eksire don kuromosom su kakkarye su sake haɗewa a birkice, ya shuka dubbai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wanda guntun juriyar ya liƙe ba tare da ɓarna mai yawa ba. Shekara biyu bayan haka, 1958, Riley da Chapman a Ingila sunka gano cewa akwai wata ƙwayar gado kan kuromosom 5B, ana ce mata Ph1, ita ke hana kuromosom ɗin alkama jeruwa da wanda ba takwaransa na ainihi ba. In an kawar da ita na ɗan lokaci, baƙo da ɗan gida sai su jeru su yi musaya da kansu. Wagga ta fi eksire tsabta nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hanyar ninkawa. In ɗan haɗi ya ƙi haihuwa don kowane kuromosom ba shi da takwara, sai a jiƙa shi da wani sinadari, kolcisin, wanda anka gano aikinsa a 1937, adadin ya ninka biyu, kowa ya samu abokin jeruwa. Ta haka ake yin tiritikel, wato alkamar taliya mai 28 da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi mai 14, ɗan ya fito 21 bakarare, a ninka ya zama 42 mai haihuwa. Ba kullum ake dacewa ba fa. Wani ɗan Rasha, Karpechenko, a shekarun 1920 ya haɗa kabeji da radish, wata shuka da ake cin saiwarta, ya samu mai haihuwa, amma ganyen ya ɗauko na radish saiwar ta ɗauko ta kabeji, ba abin ci sama ba abin ci ƙasa.

Guntun da ya fi kowane yawo a duniya shi ne hannu guda, wato ɓari guda, na kuromosom na 1 na rayi da ya maye gurbin hannun 1B na alkama. Daga Jamus ya bi ta wata alkamar Rasha mai suna Kavkaz ya shiga cibiyar CIMMYT ta Meziko, daga can ya bazu cikin ɗaruruwan iri, har da Seri M82 da anka noma a nan arewa. Ya kawo juriyar tsatsa da ƙarin amfani. Amma ga kuɗin da anka biya, kwaɓin fulawarsa na yin danƙo yana liƙe ma hannu da inji, masu gidan burodi ba su so. Sannan da duniya ta dogara ga ƙwayar juriya guda, Sr31, sai ga wata sabuwar tsatsar kara ta ɓullo a Yuganda a 1998, wadda anka sa ma suna Ug99, ta karya ta. Haka shi ma guntun tumatirin nan na Peru, in zafin ƙasa ya wuce digiri 28 juriyar na raguwa, to kai da ka san yadda ƙasar Sakkwato ke yi a watan Maris da Afrilu ba sai na yi maka dogon bayani ba. Mai lambu zai sayi iri mai N ya ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli ya ce an cuce shi, alhali zafi ne ya kwance ma irin ɗamara.

Maganar zafi ta tuna min wani aiki da nake ganin ya shafe mu ƙwarai. Shinkafar rani in zafi ya wuce digiri 35 daidai lokacin da fure ke buɗewa, holoƙo ke yawa. Masana a Japan da cibiyar IRRI ta Filifin sun ɗauko guntu daga wata shinkafar daji, Oryza officinalis, wanda ke sa fure ya buɗe da sassafe kafin rana ta yi zafi, sunka shigar da shi cikin shinkafar noma. Haka ƙwayar gado mai suna Xa21 ta juriyar cutar ƙunar ganye, daga shinkafar daji ta Mali anka ɗauko ta, Oryza longistaminata, irin mai saiwa mai yaɗo ɗin nan da manoman fadama ke yaƙi da ita.

Batun GMO kuwa, a'a, ba ɗaya ba ne. Dut abin da na lissafa ta hanyar fure da garin fure ya bi, tsakanin dangi. GMO shi ne a ware ƙwayar gado guda daga ko wace halitta, ko da ba shuka ba ce, a shigar da ita a ɗakin gwaje-gwaje ba aure. Wake misali ne mai kyau na inda hanyar farko ta tsaya. Tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake, maruka, an nemi juriyarta cikin dubban irin wake ba a samu mai ƙarfi ba, an samu a wani waken daji, Vigna vexillata, masana a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan sun yi ta ƙoƙarin haɗa su abin ya ƙi, ɗan tayin ba ya rayuwa. Shi ya sa anka koma ga ƙwayar gado ta wata bakteriyar ƙasa, anka fito da irin wake SAMPEA 20-T daga cibiyar binciken noma ta IAR Samaru a 2019. Wancan GMO ne, NERICA ba GMO ba ce. Kuma kada ka haɗa ta da masarar haibirid da ake cewa sai ka sayi sabon iri kowace shekara, NERICA da sauran FARO halinsu ya zauna, kana iya ajiye irinka ka sake shukawa.

Saura tambayarka ta ƙarshe, jar shinkafa da FARO 44. Ana iya haɗa su, amma ka sa a ranka aikin shekara takwas zuwa goma ne ko fiye, ko da ana shuka damina da rani, kuma yana son fili da ma'aikata da gwajin DNA don a riƙa ganin guntun da ake bi tun tsiro na ƙarami. Sannan ka tantance wace ambaliya kake nufi, don iri biyu ce. Akwai ruwan da ke hawa a hankali ya zauna wata da watanni, nan mai bin ruwa ke da amfani, tana miƙa kara tana tsere ma ruwan. Amma wanga halin shi ne ke sa ta kwanta in ruwa ya janye, kuma ba ya tafiya da gajeren kara mai ɗaukar taki irin na FARO 44, da wuya ka samu biyun a tsiro guda yadda kake so. Akwai kuma ruwan da ke zuwa farat ɗaya ya shanye gona kwana goma ko mako biyu ya wuce. Wanga an riga an yi mishi magani, ƙwayar gado mai suna Sub1 da anka samo daga wata tsohuwar shinkafar Indiya, tana sa tsiro ya lafe ƙarƙashin ruwa ya daina girma har ruwan ya janye. Tana cikin FARO 66 da FARO 67 da anka fitar a 2017. In irin wagga ambaliya ce ke cin gonarka, nemi waɗanga biyu ka gwada a ɗan yanki kusa da FARO 44 ɗinka ka kwatanta.

Ita kuma jar shinkafar, in har akwai saura a hannun tsofaffinku, ka karɓi ko tiya guda ce ta kowane iri, ka rubuta sunan da ake kiranta da shi da garin da zurfin ruwan da take iya bi da watan da take nuna. Ka riƙa shuka ta a ɗan gefe kowace shekara ko bayan shekara biyu, don irin shinkafa a zafinmu ba ya daɗewa da rai a buhu. Ka girbe ta da ɗan sauri kafin ta fara zuba, ka shanya daban, ka sussuka daban. In ka samu hali ka kai wani kaso tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko cibiyar NCRI ta Badeggi mai kula da shinkafa, ko rumbun adana iri na ƙasa, NACGRAB, da ke Ibadan, mai ɗakin sanyi da iri ke shekaru bai mutu ba.